Amsoshin Wasiƙunku: Matuƙan Jiragen Yaƙi Da Hotunan Da Ake Zanawa Da Kwamfuta

 A wannan fili muke buga amsoshin da muka bayar a rediyo, domin wanda bai samu ji ba ya karanta, ko ya sa yaro ya karanta masa.

Wasiƙar wannan mako ta fito daga Rigasa, cikin ƙaramar hukumar Igabi, daga wani mai sauraronmu da ke sana'ar hatsi. Bayan gaisuwa, ya ce su a Rigasa sukan ga ƙananan jiragen soja suna shawagi a kansu, an kuma ce musu masu koyon tuƙi ne. Ya ce ɗansa ya nuna masa wani hoto a waya, jirage biyu suna faɗa a sama, ɗaya ya kama da wuta, aka ce wai a yaƙin basasar Nijeriya aka ɗauke shi. Don haka yake tambaya: wace irin gwaninta ce ke ga masu tuƙa jiragen yaƙi, an taɓa yin irin wannan faɗa a ƙasarmu, kuma hoton nan na gaskiya ne?

To Malam, mun gode. Tambayoyinka uku ne, amma igiya ɗaya ta ɗaure su, watau ido. Da ido matuƙin jirgin yaƙi yake tsira ko ya halaka, kuma idon mai kallo ne mai zanen kwamfuta yake neman ya burge. Bari mu bi su daki-daki.

Jirgin sama dai a shekarar 1903 ya fara tashi a Amurka. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, aikin da aka fara ba shi shi ne leƙen asiri, a hau sama a dubo inda abokan gaba suka yi sansani. In matuƙa biyu masu gaba da juna suka haɗu, sai dai su harbi juna da bindigar hannu. A 1915 Jamusawa suka fito da dabarar ɗora bindiga mai jigida a hancin jirgi, tana harbi ta tsakanin farfela ba tare da ta sare ta ba. Daga nan jirgin kansa ya zama bindiga, duk inda matuƙi ya juya hancinsa can harsashi zai nufa.

Wanda ake ɗauka uban wannan sana'a wani Bajamushe ne mai suna Oswald Boelcke. A 1916 ya tsara wa yaransa ƙa'idoji takwas, waɗanda har yau ake koyar da tushensu. A taƙaice, ya ce ka fi abokin gabanka tsayi kafin ka taɓa shi, ka sa rana a bayanka domin ta kashe masa ido, ka zo masa ta baya, kada ka yi harbi sai ka matso kusa, kada ka ɗauke ido daga kansa, sa'an nan kada ka manta hanyar komawa gida. Boelcke ya harbo jirage 40, ya mutu cikin watan Oktoba na 1916 sa'ad da jirginsa ya gogi na wani yaronsa ana tsakiyar faɗa. Ɗalibinsa Manfred von Richthofen, mai jan jirgi, ya kai 80 kafin a kashe shi cikin Afrilu 1918.

Gwaninta ta farko, kamar yadda ƙa'idojin nan suka nuna, ita ce ka riga abokin gaba gani. Ku yi lissafi tare da ni. Jiragen yaƙin duniya na biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, suna gudun kilomita 500 a awa ko fiye. In biyu suka fuskanci juna, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da wajen mita 280 a kowane sakan. Jirgin da ka hango a nisan kilomita 3 bai fi ƙwayar gero a tafin hannunka ba in ka miƙe hannun, amma cikin sakan 11 ya iso kanka. Shi ya sa matuƙa ke juya wuya ba hutawa, har da yawansu sukan ɗaura ƙyallen siliki don kada wuyan riga ya saɓule musu fata. Erich Hartmann na Jamus, wanda aka rubuta wa jirage 352, ba kuwa wanda ya kai shi a tarihi, ba ya son tsayawa kokawa a sama. Aikin shirwa yake yi: ya hango, ya auna, in ya ga da riba ya faɗo ya yi harbi kusa-kusa ya wuce, in ya ga babu ya ƙyale. Yawancin waɗanda ya harbo ba su san yana wurin ba sai da harsashi ya same su.

Ta biyu ita ce harbi. Duk maharbin da ya taɓa harbin zabo ko hasbiya a tashe ya san ba a saita bindiga a kan tsuntsu, gabansa ake harba domin ya zo ya tarar da harsashi. To haka yake a sama, sai dai nan maharbin ma gudu yake yi, kuma guzurinsa kaɗan ne. Jirgin Spitfire na Ingila a 1940 yana da bindigogi takwas, amma in matuƙi ya danne maɓalli bai ɗaga ba, cikin kamar sakan 15 harsashinsa ya ƙare ƙaf. Saboda haka gwani yakan yi harbi gutsi-gutsi, sakan biyu ko uku, daga nisan mita 200 zuwa 300. Sabon shiga ne ke buɗe wuta daga nesa, ya zubar da harsashi a banza, ya kuma tona wa kansa asiri.

Ta uku ita ce ƙarfin jiki. Kun san yadda in mota ta sha kwana da gudu fasinja ke jin ana tura shi gefe. A jirgin yaƙi, in matuƙi ya sha kwana mai tsanani, nauyin jikinsa yakan ninka sau biyar ko fiye. Mutum mai kilo 70 sai ya ji shi kamar mai kilo 350, nauyin buhun masara uku da rabi ke nan. Jini yakan bar kai ya gangara ƙafafu, ido ya fara dishi-dishi, daga nan duhu, in bai sassauta ba ya suma alhali jirgi na gudu. Don haka aka ƙirƙiro wani wando mai hura iska da ke matse ciki da cinyoyi, ake kuma koya wa matuƙa ɗaure jijiyoyi da yin numfashi na musamman.

Ta huɗu ita ce sanin kai da riƙe abokin tafiya. Tun wajen 1938 Jamusawa suka daidaita tsarin tafiya bibbiyu, na gaba yana farauta, na baya yana tsare masa baya, sauran ƙasashe kuma suka kwaikwaya. Fatake sun san wannan, wanda ya ware daga ayari shi ɗan fashi ke jira. Har wa yau dole idon matuƙi ya riƙa komawa kan ma'aunin mai. Jiragen Jamus masu rakiya a 1940, in sun iso kan birnin Landan, man da ya rage musu na faɗa bai fi na kamar minti 10 ba, kuma da yawa sun faɗa teku a hanyar komawa ba tare da an harbe su ba.

Amma fa duk da kaifin idon mutanen nan, idon yakan yaudare su. Ran 15 ga Satumba 1940 Ingila ta sanar cewa ta harbo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi, da aka duba takardun Jamusawa, sai aka tarar wajen 60 ne. Galibi ba ƙarya matuƙan suka shirya ba. Mutum uku za su harbi jirgi ɗaya, kowa ya ga hayaƙi, kowa ya koma gida ya ce nasa ne. Wannan ya sa aka riƙa ɗaura kyamara a jikin jirgi, tana ɗauka duk lokacin da aka danna maɓallin harbi. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

To, ina ƙasarmu ta shigo cikin labarin? Ai tun da wuri. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, bayan sun taso daga Masar. Jagoransu Arthur Coningham tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne, wanda ya harbo jiragen Jamus da dama a yaƙin farko. Da yaƙin Hitila ya zo, hanyar teku ta Bahar Rum ta yi haɗari, sai Ingila ta koma ga wannan hanya da aka buɗe. Daga Satumba 1940 aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana, a haɗa su a can, su tashi su biyo ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Cadi da Darfur zuwa Khartum, sa'an nan su bi kogin Nilu zuwa Masar. Kusan hanyar da alhazanmu na da suke bi a ƙasa ke nan. Babban jirgi mai masanin hanya yakan shige gaba kamar madugu, ƙananan suna biye, ga hazon hunturu, ga daji ba alama. Zuwa 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Abin sha'awa, wanda ke jagorantar sojan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya daga 1941, inda yawancin jiragen suka nufa, shi ne Coningham ɗin nan da ya fara sauka Kano. Bugu da ƙari, saboda gudummawar kuɗi da mutanen ƙasar nan suka tara, an laƙaba wa runduna ta 91 ta jiragen Spitfire sunan Nijeriya.

Namu sojan saman kuwa bayan samun mulkin kai aka fara shirinsa. A 1962 aka tura matasa 10 Habasha koyon tuƙi, daga baya aka tura wasu Kanada da Indiya. Cikin Afrilu 1964 majalisa ta yi dokar kafa rundunar, Jamus ta Yamma ta ɗauki nauyin horarwa, kuma Kaduna ce aka zaɓa ta zama cibiyar koyo. Shugaban rundunar na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Wanda ya gaje shi a 1965, Kanar Wolfgang Thimmig, gwanin faɗan dare ne a yaƙin Hitila, ya harbo jirage sama da 20, kusan duka cikin duhu. Ya bar aiki cikin Janairu 1966 bayan juyin mulki, George Kurubo ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe rundunar. Ka ga ke nan, Malam, sana'ar da Boelcke ya kafa ta iso Kaduna ta hannun mutanen da suka yi ta da kansu. Ƙananan jiragen da kuke gani a Rigasa galibi na makarantar koyon tuƙi ne da ke sansanin sojan sama wajen Mando. A nan Kaduna aka harhaɗa jiragen koyo 60 masu suna Air Beetle a shekarun 1990, sa'an nan a 2017 da 2018 aka kawo Super Mushshak guda 10 daga Pakistan. Dattawa kuma za su tuna cewa daga 1975 zuwa 1979 hafsoshin sojan sama uku ne a jere suka yi gwamna a nan, Usman Jibrin da Muktar Muhammed da Ibrahim Alfa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Sa'ad da yaƙin basasa ya ɓarke cikin Yuli 1967, gwamnatin tarayya ba ta da jirgin faɗa ko ɗaya, sai na koyo da na ɗaukar kaya. Biyafara ce ma ta riga kai hari ta sama, da wani tsohon jirgi mai jefa bom ƙirar B-26 da aka zana wa haƙoran kifi a hanci. Wanda ya fara tuƙa shi, Jan Zumbach, ɗan ƙasar Folan ne da ya yi wa Ingila faɗa a 1940, ya harbo jiragen Jamus fiye da 10 a yaƙin Hitila. Jirgin ya kai hari filin jirgin Makurɗi cikin Yuli, ya kuma kai na Kano cikin Agusta. A watan Agustan nan ne jiragen MiG na Tarayyar Sobiyet suka fara isowa Kano, aka kuma samo L-29 daga Cekoslobakiya. MiG-17 jirgi ne da zai iya zuwa Zariya daga Kaduna cikin kamar minti 5, amma da yake 'yan ƙasa ba su gama koyonsa ba, Misirawa da wasu 'yan haya ne suka fara tuƙa shi. Aikin jiragen tarayya kusan duka harin ƙasa ne, kuma tarihi ya rubuta cewa bama-bamai sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci, fararen hula da yawa suka mutu.

Cikin Mayu 1969 wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jiragen koyo guda 5, aka ɗaura musu rokoki a ƙarƙashin fiffike. Jirage ne marasa gudu, in MiG ya same su a sarari ba su da ta cewa. Sai suka riƙa tafiya dab da kan bishiyoyi, ba magana a rediyo, su ɓullo ba zato. Ran 22 ga Mayu suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal, cikin 'yan kwanaki suka kai na Binin da na Inugu, suka lalata jirage da dama suna ajiye a ƙasa. Ƙa'idar Boelcke ce dai, wanda ya riga gani shi ke da rana. A ɓangaren tarayya kuma, shugaban rundunar, Kanar Shittu Alao, wanda yakan tuƙa jirgi da kansa, ya rasu ran 15 ga Oktoba 1969 a Uzebba, sa'ad da yanayi ya ɓaci, mai ya ƙare masa, ya yi ƙoƙarin saukar gaggawa. Ba harsashi ne ya ci shi ba, hadari ne da ma'aunin mai.

Saboda haka amsar ita ce, ba a yi artabun jirgin faɗa da jirgin faɗa irin na Turai a yaƙin basasa ba. Harbo jirgi daga sama da aka fi sani a yaƙin shi ne na ran 5 ga Yuni 1969, inda MiG-17 na tarayya ya harbo jirgin ƙungiyar agaji ta Red Cross mai ɗauke da kayan taimako, mutum huɗu da ke ciki suka mutu. Wannan kuwa ba abin da za a zana a yi alfahari da shi ba ne.

Daga nan ka iya gane amsar tambayarka ta uku. Ba mu ga hoton ba, amma yadda ka siffanta shi, jirage biyu kusa da juna, launi tas, wuta na ci, a ce kuma a yaƙin basasa aka ɗauka, to zane ne. Babu mai hoto da ke rataye a sama yana jiran su gifta. Hotunan gaske da kyamarar jirgi ke ɗauka gajeru ne, dishi-dishi, suna rawa, sau da yawa jirgin da ake harbi ɗan ɗigo ne kawai.

Zanen faɗan sama ba sabon abu ba ne. Tun yaƙin duniya gwamnatoci ke ɗaukar masu zane aiki, kamar Paul Nash na Ingila, wanda a 1941 ya zana faɗan da aka yi a sararin ƙasarsu. Mu ma nan mun saba ganin jirgi ko zaki a bayan manyan motocin ɗaukar kaya, ba kuwa wanda ya taɓa cewa hoto ne, kowa ya san aikin mai fenti ne. Abin da ya canza shi ne kayan aiki. Mai zanen kwamfuta yakan fara gina ƙirar jirgin a cikin na'ura bisa awonsa na gaskiya, tsawo da faɗi da fukafukai, kamar magini ya ɗaura tankar rumbu. Sa'an nan ya lulluɓe shi da fenti, ya sa lamba da tuta har da tsatsa da ɗigon mai. Ya zaɓi inda rana za ta tsaya, ya zuba gajimare da hayaƙi, na'ura ta lissafa haske da inuwa ta fitar da hoto. Manhajoji irin su Blender da Photoshop ake yin wannan da su. Da haka ake yin wasannin kwamfuta da finafinai, alal misali fim ɗin Red Tails na 2012, a kan baƙaƙen fata matuƙan jiragen yaƙin Amurka, wanda yawancin faɗan samansa aikin kwamfuta ne. Tun wajen 2022 kuma akwai manhajojin da mutum zai rubuta musu abin da yake so kawai, su zana masa cikin sakan kaɗan.

Kada a ce sana'ar banza ce. Mai zanen kirki yakan tona takardu, ya gano ainihin launin jirgi da lambarsa, ya raya mana abin da ba a samu ɗauka a hoto ba, yara su gani su san tarihi. Da irin wannan fasaha ake yin na'urar koyon tuƙi, inda ɗalibi zai zauna a ɗaki ya yi kuskure sau ɗari ba tare da an rasa rai ko jirgi ba. Yaranmu na Rigasa masu hannun zane za su iya koyonta su ci abinci da ita. Sai dai mai zane dole ya jawo jirage kusa da juna domin su shiga hoto ɗaya, dole ya ƙara wuta domin a kalla. Ba zai iya zana ciwon wuya ba, ko duhun da ke rufe ido a kwana, ko haƙurin da ke hana gwani danna maɓalli. Musamman ma a zamanin nan, da ake harba makami mai linzami daga nisan kilomita masu yawa, abokin gaba ɗigo ne a allon rada.

Matsala tana farawa ne in aka cire wa zane sunansa aka ce hoto ne. Cikin Nuwamba 2017 ma'aikatar tsaron Rasha ta buga wani hoto a matsayin hujja kan yaƙin Siriya, sai jama'a suka gano daga wasan waya aka ciro shi. A Fabrairu 2022 aka cika duniya da labarin wani matuƙin Yukiren da ake kira fatalwar birnin Kiyef, wai ya harbo jiragen Rasha 6 cikin kwana guda, har da bidiyo. Bidiyon da wasan kwamfuta mai suna Digital Combat Simulator aka yi shi, kuma a ƙarshen Afrilu rundunar saman Yukiren da kanta ta ce babu wannan mutum, almara ce. A gida kuma, ran 31 ga Maris 2021 wani jirgin Alpha Jet na sojan samanmu ya ɓace a Borno. Boko Haram ta fitar da bidiyo tana cewa ita ta harbo shi, amma masu bincike suka nuna cewa wurin da jirgi ya fashe a sama an yanko shi ne daga wani bidiyon Siriya na 2012 aka liƙa. Sai cikin Maris 2022 sojoji suka gano tarkacen jirgin a dajin Sambisa.

Gwaninta ta gaske kuwa sau da yawa ba ta da hoto. Ran 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbi wani Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙin, Abayomi Dairo, ya yi tsalle da lema, ya ɓuya har dare ya yi, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya, ya taka da ƙafa har ya isa wurin sojoji. Ba wanda ya ɗauki wannan a kyamara.

Akwai kuma inda maganar ido ta fi nauyi, kuma mutanen Igabi sun fi kowa sani. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin sojan sama ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, likitocin agaji suka ƙirga kimanin mutum 90 da suka mutu, binciken soja kuma ya ce ba a sa alamar sansanin a taswira yadda ya kamata ba. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu Mauludi a Tudun Biri, aka binne aƙalla mutum 85. Allah ya jiƙansu da rahama. Mai sarrafa irin wannan jirgi allo yake kallo, kamar yadda kai ma allon waya kake kallo. Taron jama'a a allo inuwoyi ne masu motsi. Ganin abu daban, tantance shi daban, kuma tun zamanin Boelcke gwani shi ne wanda bai yi harbi ba sai ya tabbatar. In har matuƙan Ingila da ke cikin faɗan da kansu sun ga 185 inda ake da 60, ina ga mu da ke zaune a rumfar kasuwa?

Don haka, jama'a, ga shawara. In aka turo muku hoto ko bidiyon faɗan jirage, ku fara tambaya wa ya ɗauka, kuma a ina ya tsaya. Ku duba alamar jirgin, na Nijeriya da'ira ce mai kore da fari da kore. Ku lura da wuta da hayaƙi, na kwamfuta sukan yi kyau fiye da kima ko su riƙa maimaita kansu. Bidiyon dare mai rawa, wanda ba mutane a ciki, ba sunan gari ba kwanan wata, abin tuhuma ne. In an ce a kusa abin ya faru, ku kira wanda kuka sani a garin, ku kuma jira labaran rediyo. Hoton ƙarya guda yana iya watsa kasuwa, ya sa manomi ya bar amfaninsa a gona, ko ya tayar da tsohuwar gaba tsakanin maƙwabta a gari irin Kaduna. A da mukan ce gani ya kori ji, yanzu sai an haɗa da bincike.

Kai kuwa Malam, sana'arka ta riga ta koya maka. Ba ka sayen buhu don samansa ya yi kyau, sai ka soka ka ga abin da ke ƙasa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ka ce wa yaron ya ajiye hoton in yana sha'awarsa, zane ne, ba laifi, sai dai in zai tura wa wani ya rubuta cewa zane ne.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Masu son a ba su tarihin wani abu su ci gaba da aiko da wasiƙunsu, a rubuta a fili, tambaya ɗaya ko biyu a takarda, domin kowa ya samu shiga.